Kafin ki ɗaga sirinji, fara duba ledar da ke ƙarƙashin gado

Wani dutin dare ina sabuwar fitowa daga makarantar koyon aikin jinya aka shigo mana da wata yarinya da ba zata wuce shekara 16 ba, wuyanta ya juye gefe guda, idanu sun kafe sama, harshe a waje, 'yan uwanta sun zagayeta wannan na tofi wannan na cewa ai tun magariba da ta fita zubar da shara mutanen ɓoye suka shafeta. Ni dai jikina rawa kawai yake, na rasa ta inda zan kama. Sai wata tsohuwar sista da muke tare ta matso ko gezau, ta dubi gwaggon yarinyar tace "Hajiya me aka bata a gida?" Tace ba komai. Sista tace toh miƙo min jakar nan. Aka zazzage, sai ga katin maganin amai, metokulofuramaid, wanda aka fi sani da Maxolon, an siyo a kemis kwana uku kenan tana sha safe rana dare. Shine ya murɗe mata wuya, dama yana yin haka musamman ga matasa. Likita ya zo aka mata allurar da ke warware shi, kafin minti talatin yarinya ta tashi zaune tana neman ruwa.

Tun daga ranar nake gayawa duk ƙanwar da aka haɗani aiki da ita, kuma yau ke nake gayawa (maza 'yan uwan aiki ku yi haƙuri, da ku nake), likita rubutawa yake ya wuce, na famasi ya miƙo, amma hannun da zai saka maganin a jikin mutum naki ne, in kuskure ya tsallake mutum biyun can toh ke kaɗai kika rage tsakaninsa da mara lafiya.

Ki fara da leda. Kusan duk wanda aka kwantar ya biya ta kemis ko wajen mai magani kafin ya iso gareki, asibiti shine zangon ƙarshe. In kika ce "kana shan wani magani?" amsar da zaki samu ita ce a'a, don a wajen mutanenmu Panadol ba magani bane, jiƙo ba magani bane, haɗin ciwon jiki da ake ƙullowa a farar leda shima ba'a lissafa shi. Sai kin warware tambayar. "Baba in jikinka yayi tsami bayan ka dawo daga gona me kake sha?" "Inna akwai abinda aka jiƙa miki ko aka dafa?" "An miki allura a gida cikin satin nan?" Kuma kar ki yi da fuskar faɗa, da zarar kin ɗaure fuska shikenan an ɓoye ledar, za'a cigaba da bashi a bayan idonki in kin juya.

Abinda zaki dinga tsinta a ciki kuwa. Haɗin nan yawanci zaki ga diklofenak da ibufurofen da firoksikam a ƙulli ɗaya, dukkansu 'yan gida ɗaya ne, haɗasu baya ƙara sauƙi sai dai ya ƙara cin ciki da ƙoda. Garin Alabukun asfirin ne a ciki. Toh ki duba tsoho mai olsa da yake shan wannan kullum, ya zo yana kashi baƙi kamar kwalta, kuma a folda an rubuta masa allurar diklofenak don ciwon baya saboda ba wanda ya tambaya. Wannan ki ajiye sirinji ki nemo likita. Haka farasitamol, babba baya wuce giram 4 a awa 24, in ramamme ne da bai kai kilo 50 ba ko mai ciwon hanta ma sai an rage, amma mutum zai sha naki na asibiti ya ƙara da Panadol Extra na jakarsa ya ɗora da maganin mura wanda shima farasitamol ɗin ne a ciki, a ganinsa magani uku daban ya sha, hanta ce take biyan bashin. Sai kuma sha-ka-fashe na 'yan mata masu neman ƙiba, sau da yawa deksametazon ne, yana ɗaga suga da hawan jini yana kumbura fuska, kuma wadda ta daɗe tana sha ba'a yanke mata lokaci ɗaya, a hankali likita zai dinga ragewa. Mai jego kuwa ki tambayeta kunun kanwa, kanwa gishiri ce mai ƙarfi, ba zai yiwu muna bata Lasix muna cire ruwa kakarta na ɗura mata kanwa a filas ba.

Bayan leda akwai tambayoyin da ko barci kike aka tasheki ya kamata su fito daga bakinki. Akwai maganin da jikinka baya karɓa? Nan ma ki fassara, "ka taɓa shan magani ya saka maka borin jini, ko kumburin leɓe, ko fata ta saɓule?" In yace Septrin ko Fansidar toh duk dangin salfa ki yi hattara, in yace fenisilin ki tuna Amoxil da Augmentin da Ampiclox duk jininsu ɗaya. Ki rubuta da jan biro a bangon folda inda makaho ma zai gani. Mace kuma ki tambayeta yaushe rabonta da al'ada, a keɓe, banda gaban suruka ko miji, don da yawa cikin wata biyu uku ba'a faɗinsa, kunya ce da kuma tsoron baki. Mai ciki ba'a bata lisinofiril da danginsa na hawan jini, akwai Aldomet da nifedifin da labetalol da aka saba. Ba'a bata tetirasaikilin ko doksi, haka yaro ɗan ƙasa da shekara 8 saboda haƙora. Diklofenak da 'yan uwansa a watannin ƙarshe na ciki a'a. Fansidar da ake bayarwa a awo don rigakafin maleriya sai ciki ya kai sati 13, kuma wadda take kan Septrin kullum saboda cuta mai karya garkuwar jiki ba'a haɗa mata da Fansidar, wannan ana mantawa sosai ranar awo in layi yayi tsawo. Sai fitsari, yana yi ko ya ragu? Wanda fitsarinsa ya ɗauke kika cigaba da narka masa jentamaisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta, ƙodar zata ƙarasa kuma kunne na iya tafiya ba dawowa. Mai asma ki kiyaye shi da asfirin da su ibufurofen da furofuranolol.

Yanzu mun zo gaban turoli, teburin da ake turawa a raba magani. A wod ɗin mata ɗaya zaki iya samun Aisha huɗu da Fatima uku, kuma in kika tsaya a ƙofa kika ce "Aisha" wadda ta fi kusa ce zata amsa, wata ma ko ba sunanta bane zata ce na'am don girmamawa. Kar ki kira suna, ki ce "Hajiya faɗa min sunanki da na mahaifinki", ki gwada da folda da lambar kati. Lambar gado ba shaida bace, ana canzawa mutane gado da daddare ba tare da an faɗa miki ba.

Kwalba ki karanta sau uku, lokacin ɗauka, lokacin zuƙa, da kafin ki jefar. Ƙananan kwalaben allura kamanninsu ɗaya wallahi, ga rubutu ƙanana, ga an ɗauke wuta kina haskawa da tocilan ɗin waya a baki. Sirinjin da wata ta zuƙa ta ajiye a tire ba rubutu a jiki, ko uwarɗakinki ce ta zuƙa, kar ki yi dashi. Rubutun likita in bai karantu ba kar ki yi canki-canka, kirashi, gara yayi tsaki a waya da ki tsaya gaban kwamiti. In ta baki ya faɗa miki cikin gaggawa ki maimaita masa da ƙarfi yaji, sannan ya rubuta da zarar an samu sarari. Ki duba ranar da zai lalace, ki duba lambar NAFDAC tunda yawanci 'yan jinya ake aikawa su siyo a waje, in akwai wajen kankarewa a kwalin a kankare a tura lambar ta saƙon waya don a tabbatar ba jabu bane.

Lissafin yara nan ne ake zubewa. Yaro ba rabin babba bane, da kilo ake bashi, don haka a ɗora shi a sikeli, banda "zai kai kilo goma". Misali yaro mai kilo 12, farasitamol miligiram 15 ne duk kilo, ya zama 180, ruwan maganin kuma 120 ne a cikin mil 5, kinga mil 7.5 kenan. Amma ki duba kwalbar hannunki don akwai masu ƙarfin da ya fi haka. Atesunet na maleriya mai tsanani miligiram 2.4 ne duk kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba 3 ne, ana yi a farko, bayan awa 12, bayan awa 24. In lissafinki ya nuna sai kin fasa kwalba biyar ma jariri ɗaya, tsaya, akwai sifilin da ya ɓata a wani waje, ki kira 'yar uwa ta sake lissafawa ita kaɗai ba tare da kin faɗa mata amsarki ba. Ƙarin ruwa ma haka, leda mai mil 500 a awa 8 da layin da ke bada ɗigo 20 a mil, ɗigo 21 ne a minti, kuma ki dawo ki duba don 'yan jinya suna buɗe shi ya ƙare da wuri a sallamesu, tsoho mai ciwon zuciya ko jariri ruwan nan na iya cika masa huhu.

Akwai wasu magunguna da nake kira masu zafin kai, su ba'a musu garaje. Fotasiyam kulorayid ba'a taɓa tura shi kai tsaye a jijiya, sai an sirka a ledar ruwa an girgiza sosai, in ba haka ba zuciya tsayawa take nan take. Kwinin shima a ruwa yake tafiya a hankali wajen awa 4, kuma yana sauke suga, mai ciki ko yaro in ya fara gumi ko magagi ki auna suga kafin komai, ƙarar kunne kuwa an santa dashi. Seftiriyazon, maganin kashe ƙwayoyin cuta da muke bayarwa kamar ruwan sha, a hankali ake tura shi, in kika watsa shi da sauri sai kiga mutum na kelaya amai, kuma ba'a haɗa shi a layi ɗaya da ƙarin ruwa na Ringa saboda kalsiyam ɗin ciki, jariri sabon haihuwa mai shawara ma ba'a bashi. Insulin ki tabbata abinci na nan a gaban mutum kafin ki soka, ba wai "an tafi kawowa daga gida" ba, gida na iya zama bayan gari. Da azumi kuwa masu suga da yawa zasu ɗauka basu faɗa miki ba, su sha Daonil, ƙwayar sauke suga, da asuba su wuni, la'asar a kawo miki su a sume, toh ki tambaya kai tsaye, "Malam kana azumi ne?"

Magnesiyam salfet na masu jijjigar ciki shi zan ɗan daɗe a kai don mu nan Arewa kusan kullum sai an kawo. Maganin nan yana ceton rai ba kaɗan ba, amma tazarar da ke tsakanin ya yi aiki da ya yi yawa gajeriya ce. A tsarin da aka fi bi ana fara giram 4 a jijiya a hankali da giram 10 a mazaunai, biyar kowane ɓangare, sannan giram 5 duk awa 4. Kafin kowace allura ta gaba abu uku zaki duba da hannunki, banda kwafar abinda ta safe ta rubuta. Ki buga ƙasan gwiwa kiga ƙafa na harbawa, ki ƙirga numfashi cikakken minti ɗaya kar ya gaza 16, ki duba jakar fitsari ya kai mil 30 a awa. Ɗaya ya faɗi, ki dakata ki kira likita. Kuma makarinsa in ya yi yawa, kalsiyam gulukonet, giram 1, ya zama kin ganshi da idonki a wod ɗin tun farkon duti, ba sai numfashi ya fara tafiya ba ace makullin kabad na hannun wadda ta tafi sallah.

Allurar mazaunai ki raba ɗuwawu gida huɗu ki soka a na sama ta waje, ƙananan yara kuma a cinya. Duk wadda ta taɓa ganin yaro yana jan ƙafa saboda an taɓa masa babbar jijiya bata buƙatar a maimaita mata.

Kin bada magani, aiki bai ƙare ba, nan ne ma mafi yawanmu muke sakaci, a soka a wuce gado na gaba. Allurar farko ta kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta ki tsaya kusa ko ki dawo cikin minti 10 zuwa 15. In kika ga ƙaiƙayi ya taso ko'ina, leɓe ko ido ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi na fito, jiki yayi sanyi, ki tsaida maganin, ki ƙwala kira, ki kwantar dashi a ɗaga ƙafafu in numfashi ya bari, sannan adirenalin mil 0.5 na mai ƙarfin 1 cikin 1000 a tsokar cinya ta waje ga babba, ɗan shekara 6 zuwa 12 mil 0.3, ƙasa da haka 0.15, in ba sauƙi a maimaita bayan minti 5. Na sha ganin an ruga neman haidirokotizon an bar adirenalin a tire, wannan al'ada ce kawai da muka gada, shi haidiro sai bayan awanni yake fara aiki, maƙogwaro kuma baya jira.

Wasu illolin kuma ba na tashin hankali bane amma in baki faɗa tun farko ba mutum zai watsar da maganin. Mai tarin fuka ki gaya masa rifamfisin zai maida fitsari da gumi har hawaye ja-ja kamar lemo, ba jini bane, amma in ido yayi ɗorawa ko gani ya fara dishi-dishi ya dawo a ranar. In mace ce mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ko mai ashana a hannu ki faɗa mata maganin na rage musu ƙarfi, kar a zo ana rigima da miji a kan cikin da ba'a shirya ba. Maganin ƙarin jini na baƙanta kashi, kuma kar a kora shi da shayi. Flagyl na sa ɗaci-ɗacin ƙarfe a baki. Amlodifin na hawan jini yana kumbura ƙafa, lisinofiril na sa busasshen tari da ba maganin tarin da zai ji, sai dai a canza shi. Amma ƙuraje tare da zazzaɓi da gyambo a baki da jan ido bayan an fara Septrin ko Fansidar ko maganin farfaɗiya, wannan kar a ƙara ko ƙwaya ɗaya, fata ce zata saɓule kamar ƙuna.

Kuskure kuma zaki yi, ni na yi. Na taɓa bawa wani dattijo maganin hawan jini sau biyu da safe ɗaya, wadda na karɓa daga hannunta ta bashi bata sa hannu a takarda ba, ni kuma naga gurbi a buɗe ban tambayi kowa ba, shi kuma bawan Allah ya karɓa ya haɗiye don a ganinsa ba'a musu da malamar asibiti. Sai da ya miƙe zai shiga bayi jiri ya kwashe shi ɗansa ya tare. Zuciyata tace yi shiru ba wanda ya sani. Na daure na faɗawa metiron, shugabarmu a wod, na sha faɗa har na yi kuka a ɗakin canza kaya, amma an auna shi akai-akai an dakatar da na yamma, ya kwana lafiya. Da na ɓoye da wata ta ƙara masa na uku. Don haka ki sa hannu a lokacin da kika bayar, ba kafin ba, ba kuma ƙarshen duti ba, kuma in mara lafiya yace "ai an bani ɗazu" ko "wannan ba kalar nawa bane" ki yarda dashi har sai kin bincika.

Illar da kika gani ki cike mata takardar kai rahoton illar magani mai ruwan ɗorawa ta NAFDAC, tana wajen 'yan famasi, ko ki tura ta manhajar Med Safety a waya, ba sai kin tabbatar maganin ne ya jawo ba, zargi ma ya isa. Muna raina ta amma ki tuna 2008, lokacin My Pikin, maganin haƙorin yara da aka samu gubar dayetilin gilaikol a ciki, yara 84 gwamnati ta ƙirga sun rasu, kuma ma'aikatan asibiti ne a wurare irin su Zariya da Legas suka lura ana ta kawo yara fitsari ya ɗauke musu, aka bi sawu har aka kai ga kwalbar.

Ranar sallama kar ki miƙa leda ki ce "sau uku a rana" ki juya. Ki zauna da wanda zai dinga bada maganin a gida, ba wanda ya biya kuɗi ba, sau da yawa mutum biyu ne daban. Ki ɗaura lokutan da abinda baya wucewa, asuba, azahar, bayan isha'i, ki zana a jikin kwalin. Coartem na maleriya sau shida ne cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8 da na farko, a sha da madara ko abinci mai maiƙo, kuma a ƙarasa ko zazzaɓi ya sauka, banda ajiye ragowar ma ƙaninsa. Sifuro, wato sifurofuloksasin na kashe ƙwayoyin cuta, kar a haɗa shi lokaci ɗaya da madara ko maganin olsa na ruwa ko na ƙarin jini. Nifedifin mai sakin kansa a hankali ba'a daka shi a dama a koko. Maganin yara na gari da aka zubawa ruwa sati ɗaya ne yawanci, a auna da murfinsa ko sirinji, cokalin gida kowanne da girmansa. Insulin in ba firij a sa shi a leda a ɗaure a ajiye a jikin randa inda ke da sanyi, banda aljihun mota ko kan taga a zafin Afrilu. Daga nan sai ki ce "Yaya maimaita min yadda zaki bashi", ki yi shiru ki saurara, in ta kauce ki sake daga farko.